Mai Dokar Barci Ya Ɓuge da Gyangyaɗi: Kukan Masuntan Jatan Lande a Amurka

Mu da Allah bai ba mu teku ba, da yawanmu busasshen jatan lande kaɗai muka sani, wanda ake aunawa da gwangwani a kasuwa, a daka a zuba a miya. Saboda haka ɗan uwa mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin Yamai da rigimar wasu masunta da ke can kudancin Amurka? Abin da ya haɗa su shi ne, ƙasar da ta fi kowa ɗaga murya wajen koya wa duniya cewa a buɗe iyaka a bar kasuwa ta yi halinta, ita ce ta shafe shekaru fiye da 20 tana neman dabarar da za ta kare wata ƙaramar sana'arta daga kayan waje. Ni kuwa ina goyon bayan masuntan nan a mafi yawan abin da suke nema, kuma ina ganin akwai amfani mu duba dalili.

Jatan lande shi ne abincin ruwan da Amurkawa suka fi ci. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da suke ci daga waje yake shigowa. A shekarar 2021 abin da aka shigar ya kusa kai tan dubu 900. A wannan shekara Indiya ce kan gaba, ita kaɗai ta fi kashi ɗaya cikin uku, sai Ekwado, sai Indunusiya, sai Biyetnam. Ɗan abin da ya rage shi ne rabon masuntan gida, waɗanda ke jan koma a Tekun Meziko da gaɓar Atlantika ta kudu, daga Tekzas da Luwiziyana har zuwa Karolina ta Arewa. Yawancinsu ba manyan kamfanoni ba ne. Mutum ne da jirginsa guda, da yara biyu ko uku, sana'ar da ya gada daga ubansa, kamar dai yadda sarkawanmu suke gadon taru.

Bambancin da ke tsakanin kayan gida da na waje shi ne tushen maganar. Bamurke kamawa yake yi a teku. Sai ya sayi gazuwal, ya sayi ƙanƙara, ya gyara inji, ya biya inshora, ya jira lokacin da hukuma ta buɗe kamu, sannan ya fita kwana da kwanaki, ko ya samu ko bai samu ba. Na Indiya da na Ekwado kuwa kiwo ne. Ana haƙa kududdufai a bakin teku, a zuba iri, a ba shi abinci, cikin wata uku zuwa huɗu a kwashe, a sake zubawa. Indiya ta amince da kiwon irin nan mai farar ƙafa a 2009, cikin ƴan shekaru jihar Andra Paradesh ta cika da kududdufai. Da wata cuta ta afka wa na Tailan a 2012 da 2013, sai Indiya da Ekwado suka gaje kasuwarta. Mai kama kurciya a daji ba zai yi gasar farashi da mai kiwon kaji a keji ba, wannan ko yaro ya sani. A 2023 farashin da ake ba masuntan Luwiziyana a bakin ruwa ya faɗi har wasu ba sa samun dala guda a kan laba ɗaya (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba), alhali shekarar da ta gabata gazuwal ya yi tsadar da ba su taɓa gani ba. Da yawa suka ɗaure jiragensu, domin fita ta zama hasara.

Ba wannan ce masifarsu ta fari ba. Guguwar Katrina ta Agustan 2005 ta farfasa jirage da ma'ajiyoyin ƙanƙara. A Afrilun 2010 rijiyar mai ta kamfanin BP ta fashe a tsakiyar teku, ma'aikata 11 suka mutu, aka rufe kamu a fiye da kashi ɗaya cikin uku na ruwan tarayya a yankin. Ga kuma takin zamani da kogin Misisipi ke kwasowa daga gonakin masara, wanda kowace bazara yake haifar da wani makeken yanki a teku inda babu isasshiyar iskar da halitta za ta rayu. Duk waɗannan sun jure. Guguwa tana wucewa, mai yana bajewa, amma kwantenar da ke sauka a tashar jirgin ruwa kullum tana nan tafe.

Abin da ya fi burge ni game da mutanen nan shi ne ba su tsaya ga kuka ba. A 2002 masunta da masu sarrafawa na jihohi takwas suka kafa ƙungiya mai suna Southern Shrimp Alliance, suka tara kuɗi, suka ɗauki lauyoyi. Ranar ƙarshe ta 2003 aka shigar da ƙara a Washinton cewa ƙasashe shida, wato Sin, Biyetnam, Indiya, Tailan, Ekwado da Barazil, suna karya farashi, suna sayar da kaya a Amurka ƙasa da abin da ya dace. A farkon 2005 gwamnati ta ɗora wa kayan waɗannan ƙasashe ƙarin kuɗin duwan. Wani abin mamaki, a cikin masu ƙarar akwai ɗimbin ƴan asalin Biyetnam, waɗanda suka gudo bayan yaƙin da ya ƙare a 1975 suka zauna a gaɓar Tekzas da Luwiziyana da Misisipi. Su ne waɗanda ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan ta tsoratar a Galbeston a 1981 don a kore su daga ruwan. Bayan shekara 20 da ɗoriya sai ga su kafaɗa da kafaɗa da ƴaƴan masu korarsu, suna ƙarar ƙasar da aka haife su. Yunwa ba ta tambayar asali.

To, kuɗin duwan ɗin ya cece su? Bai cece su ba, kuma duk mai son ya kare masuntan da gaskiya dole ya faɗi haka. Ɗan kasuwa ya fi doka wayo, wannan ba sai an gaya wa mutanen Maraɗi ba. Dokar ba ta shafi jatan landen da aka lulluɓe da gari ba, sai aka yi ta lulluɓewa. Ba ta shafi kowace ƙasa ba, sai kayan Sin suka riƙa yada zango a wata ƙasa su sake takarda, su iso da sabon suna. Ekwado ta kai ƙara Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wato OMC, ta ci nasara, aka cire mata harajin a 2007. Har akwai wata doka ta shekarar 2000 mai sunan Sanata Robert Byrd, wadda ta ce kuɗin da aka karɓa a raba wa waɗanda suka kai ƙara. OMC ta ce wannan ya saɓa ƙa'ida, majalisar Amurka ta soke ta a 2006. Kaya dai suka ci gaba da ƙaruwa. A ƙarshen 2024 aka sake ɗora sabon haraji a kan na Ekwado, Indiya, Indunusiya da Biyetnam. A Agustan 2025 gwamnatin Donald Trump ta kai harajin kayan Indiya kashi 50 cikin 100, masuntan suka yi murna, amma wannan haraji ba don su aka sa shi ba, rabinsa hukunci ne a kan man da Indiya ke saye daga Rasha. Abin da siyasa ta kawo da safe, siyasa tana iya ɗauke shi da maraice, kuma ba wanda zai ci bashin sabon inji a kan irin wannan alkawari.

Hujjar masuntan da ta fi ƙarfi tana wani wuri daban, kuma a nan ne nake tare da su ba tare da wata-wata ba.

Dubi maganar suna. Mutum ya je gidan abinci a bakin teku, ya ga hoton jirgin kamu a bango, ya ga tsohuwar koma an rataye don ado, ya biya kuɗin kayan gida, alhali abin da ke cikin farantinsa daga kududdufin Asiya ya fito, an daskarar da shi tun watanni. A 2024, a wajen bikin jatan lande na garin Morgan City a Luwiziyana, bikin da aka kafa don girmama masuntan yankin, gwajin ƙwayar halitta ya nuna huɗu daga cikin masu sayarwa biyar da aka gwada kayan waje suke soyawa. A wannan shekarar kuma wani shahararren gidan abinci a Biloksi ya amsa a gaban kotu cewa ya yi shekaru yana sayar da kifin waje da sunan na gida. Wannan ba gasar kasuwa ba ce, algus ne, kuma ba mazhabar tattalin arzikin da ta halatta algus. Jihar Luwiziyana ta yi doka a 2019 cewa duk mai dafa jatan landen waje sai ya rubuta a takardar jerin abincinsa, ta kuma ƙara wa dokar haƙora a 2024. Dokar ba ta hana kowa shigo da kaya ba, ba ta ƙara wa kowa ko sisi ba. Cewa kawai ta yi a gaya wa mai saye gaskiya, shi ya zaɓa. Wanda ya ga wannan ma ya yi tsanani, to ya faɗa mana a fili cewa ribarsa a cikin ruɗin take.

Sai maganar bincike. Inda aka cunkusa halitta a wuri guda cuta tana saurin yaɗuwa, don haka wasu masu kiwo sukan zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta, har da waɗanda Amurka ta haramta a cikin abinci. Ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin majalisar Amurka ya ba da rahoto a 2017 cewa a shekarar kuɗi ta 2015, hukumar kula da abinci da magunguna ta gwada kusan ɗaya ne kacal cikin dubu na kayan ruwan da suka shigo don neman ragowar irin waɗannan magunguna. Tarayyar Turai kuwa tun 2016 ta ce rabin kayan kiwon da ke zuwa daga Indiya sai an gwada su. Idan ƙofa biyu ne, ɗaya da mai gadi a tsaye, ɗaya kuma mai gadinta na gyangyaɗi, kowa ya san inda mai gurɓataccen kaya zai nufa. A Agustan 2025 ma sai da aka janye wasu daskararrun jatan lande na Indunusiya daga kantuna bayan an gano sinadarin siziyom mai burbushin nukiliya a wani kaya na kamfanin da ya sarrafa su.

Akwai kuma gumin ɗan Adam. Jatan lande sai an ɓare, kuma ɓarewa aikin hannu ne mai cin lokaci. A 2015 kamfanin dillancin labaru na AP ya bankaɗo rumfunan ɓarewa a Samut Sakon ta ƙasar Tailan, inda baƙi ƴan ci-rani, yawancinsu daga Bama, har da yara ƙanana, suke aiki a kulle kamar bayi, kayan kuma suna ƙarewa a manyan kantunan Amurka. A 2024 kamfanin ya sake ba da labarin mugun halin da masu wannan aiki ke ciki a wasu wurare a Indiya. Ba kowane mai kiwo ne azzalumi ba, akwai dubban talakawa a can da ke cin halalinsu a wannan sana'a, kuma su ma suna da haƙƙin shiga kasuwa. Amma idan aka ce wa Bamurken masunci kayansa sun yi tsada, yana da ikon ya tambaya wane ne ya biya arahar ɗayan.

Shi kuma an ɗora masa ƙa'idar da ke cin kuɗi. Tun ƙarshen shekarun 1980 doka ta wajabta masa sa wata ƙofa ta ƙarfe a cikin komarsa don kififiyar teku ta samu mafita, kuma ta wannan ƙofa wani ɓangare na kamunsa yake zubewa. Dokar tana da kyau, domin jan koma a ƙasan teku yana kashe halittu da yawa da ba su ake nema ba, kuma wannan laifi ne da masuntan ba za su wanke kansu daga gare shi ba. Da Amurka ta ce ƙasashen waje ma sai sun bi, Indiya da Pakistan da Maleshiya da Tailan suka kai ta ƙara, a 1998 OMC ta ce tana da ikon kare kififiya amma ta nuna bambanci wajen aiwatarwa. Ƙarin gishiri a kan gyambo, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance, wanda Amurka ce babbar mai jari a cikinsa, ya ba manyan kamfanonin kiwo na Ekwado bashi don su faɗaɗa. Wato harajin masuncin yana cikin kuɗin da aka gina abokin gasarsa da shi.

A nan ne Bahaushen Nijar zai ce, ai mu mun daɗe da sanin wannan zafi. A shekarun 1980 FMI da Bankin Duniya suka zo mana da shirin gyaran tattalin arziki, suka ce a janye tallafi, a sassauta duwan, a sayar da kamfanonin gwamnati, wanda bai iya gasa ba ya mutu. A 2003, a taron OMC na Kankun, ƙasashen Benin, Burkina Faso, Mali da Cadi suka kai kukansu cewa Amurka tana ba manoman audugarta, waɗanda ba su wuce dubu 25 ba, tallafin da ya haura dala miliyar 3 a shekara guda, abin da ya karya farashin da miliyoyin manoman yankinmu ke samu. An saurare su, an yi musu jaje, taron ya watse. Barazil ce mai ƙarfin lauyoyi ta kai ƙara ta ci, a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe magana. Ƙasar da ta yi wa manomin auduga na Sikaso haka, ita ce take kuka da tallafin da Indiya ke ba masu kiwonta. Ana iya yi wa gwamnatin Amurka dariya a kan wannan, kuma ta cancanta. Masuncin Luwiziyana kuwa ba shi ya rubuta dokar auduga ba. Shi da manomin Sikaso ciwo ɗaya ke damunsu, sai dai shi yana da ƙungiya da lauya da sanata.

Na san abin da alhazanmu za su ce, kuma na san abin da ma'aikaci zai ce, domin maganar ta shafi aljihun kowa. Ɗan kasuwa zai ce da shigo da kaya yake ciyar da gidansa da yaran shagonsa da direbobi da ƴan dako. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai ƙarshen wata zai ce shinkafar Asiya mai araha ita ce rufin asirinsa. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Talakan Amurka ma haka: abincin da a da sai masu hali, yanzu kowa na iya saye, kuma masu cin sun fi masu kamun yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa ban yarda da rufe iyaka ba. Mun ga yadda ta kaya lokacin da Nijeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa: motoci suka yi jerin gwano a Ɗan Isa da Ƙonni, kayan gwari suka ruɓe, farashi ya hau a ɓangarorin biyu, shinkafar kuma ba ta daina bin daji a kan babura ba.

Amma tsakanin rufe ƙofa da barin ta a wangale akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa masuntan Amurka suka sami ƴar nasarar da ta fi ɗorewa. Atamfar da aka buga a Sin aka manna mata tambarin wata masaƙa, ta shigo ta bayan fage, ita ce ta taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kano da Kaduna, ta kuma hana tamu ta Yamai sakat. Da me ta bambanta da jatan landen Asiya a ƙarƙashin hoton jirgin Luwiziyana? Manomin shinkafa na fadamun Tilaberi yana gasa da buhun da ba wanda ya san shekara nawa ya yi a sito kafin a ɗoro shi a jirgi. Albasar Galmi, wadda sunanta kaɗai yake sayar da ita a Abijan da Akara, sai da wani kamfanin iri na waje ya nemi ya yi wa sunan rajista a matsayin nasa, ba don an tashi tsaye ba da ya tafi da shi. A duk waɗannan wurare abin da mai kayan gida yake buƙata da farko shi ne a rubuta gaskiya a jikin buhu, a auna abin da ke shigowa a ɗakin bincike, a karɓi kuɗin duwan da doka ta riga ta sa ba tare da an raba shi a kan hanya ba. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba abin da zai rasa a nan, hasali ma shi zai fi kowa hutawa daga gasar mai algus.

Ban ce wannan zai mayar da jiragen Luwiziyana yadda suke a da ba. Ko an kori duk kayan waje yau, tekun nasu ba zai iya ba da ko kwatan abin da Amurkawa ke ci ba, kuma su ma masuntan sun sani. Abin da za su iya samu shi ne kasuwa ƙarama mai daraja, ta wanda ya san bambancin ɗanɗanon abin da ya girma a teku kuma ya yarda ya biya, muddin an tabbatar masa ba a ruɗe shi ba. Wasu cikinsu tuni sun fara sayarwa kai tsaye daga jirgi zuwa ga mai saye, suna tsallake dillali. Jihohin Alabama, Misisipi da Tekzas su ma sun yi nasu dokokin bayyana asalin kayan ruwa, ƙungiyar kuma ta ɗauki nauyin gwajin da ake bi gari-gari ana yi a gidajen abinci, ana buga sunayen waɗanda aka samu suna dafa na gida da gaske don masu saye su san inda za su.